"Kin yi ƙoƙari" da "you tried": fashin baƙi kan kalmomin ƙoƙari a Ingilishi

Wani ɗan yayata da ke aiki da wata ƙungiyar agaji a nan Tawa ya iso fadarmu bayan isha'i, fuska ba walwala. Ko shayin farko bai karɓa ba ya ce, "Kawu, wata magana nake so ka warware mini." Ranar sun yi taro da manoman albasa. Wata Baturiya ƴar Ingila da ta zo daga ofishinsu na Yamai ta yi bayani na kusan awa guda, har ta buɗe da ƴar gaisuwa da Hausa, jama'a suka tafa mata. Da aka tashi sai ya je ya yaba mata, ya ce, "Madam, you really tried." Nan take murmushinta ya dushe, ta ce, "Oh. Was it that bad?" Wato, ashe abin ya lalace har haka?

Abokan fada suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san inda ya ɗauko maganar. A zuciyarsa "kin yi ƙoƙari" ya ce, kuma a Hausa wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Magini ya gama ɗaki, ka zagaya ba ka ga inda ya karkace ba, sai ka ce ya yi ƙoƙari. Uwargida ta ciyar da baƙi hamsin ranar suna ba wanda ya tashi da yunwa, ka ce ta yi ƙoƙari. Ba gazawa kake nufi ba, nufinka sun fitar da kai kunya. Kuma ba shi ya ƙago wannan fassara ba. Shekara uku ya yi yana karatu a Sakkwato, kuma daga Illela har Legas in aka ce maka "you try" ko "you don try", yabo ne tsantsa. A bakin mutumin Landan kuwa "you tried" lallashi ne, irin wanda ake yi wa ɗan kokowar da aka kayar a fili: ka dai yi iyakarka, ba a dace ba.

Kalmarmu ta ƙoƙari gumin da aka zubar take kallo. Kalmomin Ingilishi na wannan dangi kuwa kusan kowace tana ɗauke da ɗan tsegumi a kan yadda abin ya ƙare, ko yadda ake jin zai ƙare. Mu kuma a Nijar ta hanya uku Ingilishi ke iso mana. Akwai na lakwal, wato makarantar boko, wanda yaro ke fara gamuwa da shi a siziyam, ajin farko na sakandare, ana fassara masa shi da Faransanci. Akwai na kasuwa da kan iyaka, wanda ke hayewa ta Ƙonni tare da kaya da finafinai. Sai kuma Hausar da ke cikin kai, wadda ke fassara komai a ɓoye kafin baki ya buɗe. Tunda dokar da aka fitar a watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harsunan aiki, masu bukatar rarrabe waɗannan hanyoyi ƙaruwa za su yi. Na ce Ingilishi ban ce Turanci ba da gangan, don a nan in ka ce wa dattijo Turanci yana iya ɗauka Faransanci kake nufi.

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne kusan duk waɗannan kalmomi daga Faransanci Ingilishi ya aro su: *try*, *attempt*, *effort*, *endeavour*, *strive*, *essay*. A 1066 mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, suka haye teku suka ci Ingila da yaƙi, daga nan aka ɗauki ɗaruruwan shekaru fada da kotu suna aiki da Faransanci, talakawa na nasu harshen. Don haka yaron da ya yi lakwal a Nijar ya san dangin kalmomin nan tun kafin ya gamu da su. Sai dai dangin da suka daɗe a waje hali yakan canja musu.

A ɗauki *try* kanta. Uwarta ita ce *trier*, wadda har gobe a Faransanci take nufin warewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake cika buhunan albasa a Galmi ya ga *trier* da idonsa: an zube tuli, ana ɗaga kowace a juya ta, mai kyau ta tafi nan, mai tabo ta tafi can, ƙanana su ma da nasu wurin. Da wannan ma'ana kalmar ta shiga Ingilishi, kuma ba ta rabu da ita gaba ɗaya ba. Alƙali in ya zauna kan shari'a ana cewa "the judge tried the case", ba wai ya ƙoƙarta ba, tankaɗe da rairaya ya yi, ya ware gaskiya da ƙarya. Shi ya sa *trial* take nufin shari'a a kotu, take kuma nufin gwajin sabon magani. Wanda bai san wannan ba, in ya ji a rediyo "he was tried in Abuja" sai ya tsaya yana mamakin me aka gwada masa, alhali gurfanar da shi aka yi.

Daga warewa aka koma gwadawa, don ba ka ware abu sai ka gwada shi. Daga gwada abu kuma aka koma gwada ƙarfin kai a kan abu, wato ƙoƙari. Yau *try* ɗaya ce ke ɗauke da kayan nan biyu, gwaji da ƙoƙari, kuma a nan ne Faransanci ba ya da abin da zai tsinana mana, don *essayer* ita ma duka biyun ta haɗa. Hausa ce ta raba su tun fil azal. Ba Bahaushen da zai rikita "gwada ka gani" da "ƙoƙarta ka yi".

Shekaru na yi ina koyar da bambancin *try to do* da *try doing* da Faransanci, yara na kwafa a littafi, ranar jarrabawa su faɗi. Wata rana cikin zafin Afrilu, wajen sha biyun rana, aji ya ɗauki zafi kamar tanda, na ce wa wani yaro na gaba ya buɗe taga. Tagar ƙarfe ce da tsatsa ta cinye sakatarta. Ya ja, ya dafa ƙafa a bango ya sake ja, ya buga ta da tafin hannu, ko gezau. Na rubuta a allo: "He tried to open the window." Sai wata yarinya daga baya ta tashi ta buɗe ɗaya tagar, wadda ba ta da matsala. Iska ta shigo, amma irin iskar nan mai zafi da ƙura da ke ƙara wa mutum wahala. Na rubuta a ƙasa: "She tried opening the window." Na tambaye su da Hausa, wa ya ƙoƙarta, wa ya gwada? Ajin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya. Shi ya yi fama da tagar ta ƙi buɗuwa. Ita ta buɗe ba wahala, abin da take gwadawa shi ne ko buɗewar za ta kawo sauƙi. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, me ya sa ba ka faɗa mana haka ba tun farkon shekara?" Ban sami amsar ba shi ba.

Dokar ke nan. In *to* ta biyo bayan *try*, aikin kansa ne ke da wuya, kuma ba tabbas za a iya. In aikatau mai wutsiyar *ing* ne ya biyo, aikin ba wuya, sakamakonsa ake jira a gani. Babur ɗinka ya ƙi tashi, bakanike ya ce canja buji ka gani, wannan "try changing the plug" ne. Kana tura shi kan yashi zuwa gareji kana haki, wannan "trying to push" ne. In suna ne ya biyo kai tsaye, kusan kullum gwaji ne ko ɗanɗano: "try this kilishi" taɓa ka ji. Riga a wurin tela "try it on" ake cewa, sabuwar waya ko injin ban ruwa "try it out". Likita ya ce "try taking it after food", shawara ce yake ba ka ta gwada shan maganin bayan cin abinci, ba ya nufin haɗiyar za ta yi maka wuya.

To ga inda tsegumin yake. In mai Ingilishi ya ce "I tried to call you", ya riga ya gaya maka bai same ka ba. Da ya same ka da "I called you" zai ce. Kalmar *tried* in ta zo a kan abin da ya wuce, kunnen mai harshen yana jiran *but* a gaba, ko an faɗe ta ko ba a faɗa ba. Abin da Baturiyar nan ta ji ke nan: "you really tried", sai ta ƙarasa sauran da kanta. In kana so ka ce ka sha wuya amma ka yi nasara, kalmar ita ce *manage*: "I managed to call you", da ƙyar da siɗin goshi na same ka. Nan ma a yi hattara, don *manage* da ta ƙetaro daga Najeriya har ta zama "maneji" a bakinmu wata aba ce daban, lallaɓawa ce, a ci ba don daɗi ba. Ka tambayi ɗan kasuwa a Illela yaya kasuwa, ya ce "we are managing", muna dai lallaɓawa yake nufi.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan muni. Wani abokin aikina ya taɓa rubuta wa ɗalibi takardar shaida zuwa wata makaranta a waje, ya sa "he is a very trying boy", yana nufin yaro ne mai ƙoƙari. Allah ya sa ya nuna mini kafin ya aika. *Trying* in ta zama sifa tana komawa can ga ma'anar gwaji: wanda ke gwada haƙurin mutane, fitinanne, mai gundura. "Trying times" lokacin jarrabawa ne, irin jarrabawar da ake cewa Allah ya ba mu ikon cinyewa. Haka "nice try", in abokinka ya faɗa maka yana murmushi bayan ka so ka yi masa wayo, ma'anarta na gano ka. Har ma suna da zargin da suke yi wa mutum, "he is trying too hard", wai ƙoƙarinsa ya fito fili da yawa, yana neman a so shi ƙarfi da yaji. Babban yabo a wurinsu shi ne a ce abu *effortless* ne, ya yi kyau kamar ba a sha wahala ba. Mu kuwa wahalar ce muke gaisarwa. Ka wuce mai noma ka ce sannu da aiki, ka wuce mai daka ka ce sannu da aiki, kuma Ingilishin Ingila ba shi da gaisuwar da ta yi daidai da wannan. A ganina namu ya fi mutunci, amma wannan ra'ayin mai shan shayi ne.

Sai *attempt*. Wannan Hausa ta tanadar mata kalma daidai wa daida: yunƙuri. Ka tsaya kasuwar dabbobi ka kalli raƙumin da aka ɗora wa kaya yana son tashi. Yakan yi gaba, ya yi baya, ya ɗaga gindi, wani lokaci ya miƙe, wani lokaci ya koma ya durƙushe. Wannan motsi guda, mai farko da ƙarshe, wanda ake iya ƙirgawa, shi ne *attempt*. Ƙoƙari ba a ƙirga shi, yunƙuri ana ƙirgawa. Wanda ya sami bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a zama na uku, "he passed at the third attempt". Kuma kalmar ta fi *try* sanya manyan kaya: ta jarida ce, ta kotu, ta rahoto. Ba wanda zai ce wa matarsa "attempt this soup".

Inuwar gazawa ta fi kauri a kan *attempt*, musamman in ta zama *attempted*. Mutanen Yamai ba su manta daren 31 ga Maris 2021 ba, da aka ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa, kwana biyu kafin rantsar da Mohamed Bazoum. Kafofin labarai na Ingilishi "attempted coup" suka kira shi, sashen Hausa na gidajen rediyo suka ce yunƙurin juyin mulki, kuma sunan da ya zauna masa ke nan tunda bai yi nasara ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 ma da wannan kalma aka wuni, amma bayan sojoji sun yi sanarwa a talabijin cikin dare sai ta fara zubewa daga kanun labarai, aka bar *coup* ita kaɗai. Haka "attempted murder" ke nufin wanda aka so kashewa yana nan da ransa. Asalin kalmar ɗaya ne da *tenter* da *tentative* da *attentat* na Faransanci. Amma kada mai Faransanci ya yi saurin murna: *tentative* tana nan a Ingilishi, sai dai sifa ce, tana nufin abin da ba a tabbatar ba tukuna. "A tentative date" rana ce da aka sa ta wucin gadi, ana iya ɗagawa. Wani wurin da *attempt* ba ta ɗauke da wannan inuwa shi ne kan takardar jarrabawa. "Attempt any three questions" na nufin amsa tambaya uku, ba ka ɗan taɓa su ka bari ba. Na ga yaron da ya rubuta layi bibbiyu ya ajiye biro, wai ai ba a ce ya gama ba.

*Effort* ba ta da wahala, ita ce dai ta Faransanci, daga tushen da ke nufin ƙarfi. Suna ce, ba aikatau ba, kuma abokin tafiyarta *make* ne. Tunda *faire* ɗaya ce a Faransanci, yi ma ɗaya ce a Hausa, yaranmu sukan rubuta "do an effort", wanda kuskure ne. "Make an effort" ake cewa, amma "do your best". Ba wata hikima a ciki, haddacewa ake yi. Ita ce kalmar da ta fi kusa da ƙoƙarinmu, don in ka ce "thank you for your effort" ba ka zagi kowa ba. Duk da haka in malami a Ingila ya rubuta "good effort" a kan aikinka, yawanci yana nufin niyya ta yi kyau, aikin da saura. In ya rubuta "must try harder" kuwa, wannan tsohon abokinmu ne na takardar sakamako, "peut mieux faire", wato zai iya fin haka.

Wadda na fi so in koyar ita ce *endeavour*, saboda in na tsaga ta a allo yara sukan yi shewa. A cikinta akwai *devoir*, kalmar Faransanci mai nufin wajibi da kuma aikin gida, wadda ke hana ɗan lakwal barci. Tsohuwar magana ce ta sa kai cikin wajibi, wato ɗaukar abu a matsayin nauyin da ya rataya a wuyanka, sannu a hankali ta dunƙule ta zama kalma ɗaya. Har yau tana da wannan ƙamshin: ƙoƙari ne na mai ɗaura ɗamara, mai tsawon zango, ba na buɗe taga ba. Sunan jirgin ruwan da matuƙin nan ɗan Ingila James Cook ya bar ƙasarsa da shi a 1768 zuwa tekun Pasifik ke nan, kuma sunansa Amurka ta ba wani kumbonta da ya fara tashi a 1992, har ta bar masa rubutun Ingila mai harafin u, alhali Amurkawa *endeavor* suke rubutawa. A Najeriya kalmar ta sami gida a takardun gayyata da sanarwar taro, "endeavour to be punctual", a daure a zo da wuri. A Ingila in ka faɗi haka a hira sai a ga kamar ka sa babbar riga za ka ban ruwa a garka.

Inda ba a wasa da ita shi ne takardar yarjejeniya, kuma wannan ya shafi ƴan kasuwarmu masu sa hannu kan kwangila da kamfanonin waje. In aka rubuta cewa wane zai yi "best endeavours" ko "reasonable endeavours" ya kawo kaya ranar kaza, bai yi alkawarin kawowa ba, alkawarin ƙoƙari ya yi. Ta farkon ta fi ta biyun nauyi a idon kotunan Ingila, Amurkawa kuma "best efforts" suka fi rubutawa. Wanda ya karanta shari'a a jami'ar Yamai ya san wannan da sunan "obligation de moyens", kishiyar "obligation de résultat". Likita ya ɗauki nauyin yi maka magani iyakar saninsa, bai ɗauki nauyin warkar da kai ba. Mai mota da ka ba buhu ɗari ya kai Kwatano kuwa kaiwa ya ɗauka. Alhajin da ya biya kuɗi a kan takarda mai "endeavours" yana zaton ya sayi sakamako, ƙoƙari kawai ya saya.

*Strive* dagewa ce, jajircewa a kan manufa mai nisa wadda ba lalle a taɓa cim mata gaba ɗaya ba: adalci, zaman lafiya, ilimi. Ƴar'uwar *strife* ce, wato husuma, don haka akwai ja-in-ja a jininta. Ba a jin ta a kasuwa, sai a wa'azi da jawabi da taken makaranta. Masu fassara Alƙur'ani zuwa Ingilishi da ita suka fi fassara ayar Suratun Najmi da ke cewa mutum ba shi da komai sai abin da ya yi sa'ayinsa, kalmar nan da alhazai suka sani tsakanin Safa da Marwa. Mai rubutu ya kula da siffofinta, *strove* da *striven*, ko da yake *strived* ma ana ganinta.

*Struggle* kuwa fuska biyu gare ta, kuma ta biyun tana kayar da mutane. In ta zo da *for* ko *against* a kan babban al'amari, gwagwarmaya ce, irin wadda ake faɗa in ana maganar Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba da ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Amma in ta zo a kan mutum da aikinsa na yau da kullum, fama ce, kuma famar da ake shan kashi. Wata ɗalibata ta rubuta a takardar neman aiki, "I am struggling to improve my English". Fafutuka take nufi, tana so a ga ba ta zauna ba, ta san zomo ba ya kamuwa daga zaune. Abin da mai karantawa zai ji shi ne Ingilishin ya gagare ta. Muka gyara ya koma "I am working hard to improve my English". In an ce shago "is struggling", ya kusa rufewa ne. Ka tuna ɗan kokowa da aka riƙe wa ƙafa ɗaya a sama yana tsalle da ɗayar: yana *struggling*, kuma ƴan kallo sun san inda aka dosa.

Ita kuwa *essayer* da muka saba da ita, ta shiga Ingilishi amma ta bar aikinta na asali. Ta zama *essay*, rubutun insha'i, tun bayan da marubucin Faransa Montaigne ya sa wa rubuce-rubucensa suna *Essais* a 1580, wato gwaje-gwajen tunani. Tagwaicinta *assay* ta tafi wurin maƙera da masu ma'adini: gwada zinariya a san tsarkinta. Matasanmu da suka tafi Jado neman zinariya daga 2014 sun san aikin ko ba su san sunan ba. Yaron da ya rubuta "I will essay to come" bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya yi magana irin ta kakannin kakanni.

Su kansu masu harshen, a hirarsu ta yau da kullum, ba sa ɗaukar waɗannan manyan kalmomi. "Have a go" suke cewa a Ingila, "give it a shot" a Amurka, wato taɓa ka gani, rashin tayi akan bar arha. Sukan kuma ce "try and come" maimakon "try to come". Wasu malamai na jan jan biro a kanta, ni ba na ja, don tsohuwar magana ce kuma kowa na faɗinta. Iyakarta dai ba ta karɓar wutsiya: ba a cewa "he tried and came" da wannan ma'ana.

Ɗan yayata ya tambaye ni, to Ingilishin Najeriya kuskure ne ke nan? Na ce masa a'a. Harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da aure da shari'a da shi ba a kiransa kuskure, kuma ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Najeriya a 2020, har da Kannywood da okada. In ka ce wa abokinka na Kano "you try", ya ji daɗi, magana ta isa. Sanin wanda ke gabanka ne aikin. Ga Baturiyar nan "well done" ya kamata ya ce, ko "that was excellent". Amma ko "well done" ɗin sai an gama aiki ake faɗinta a can. A Najeriya ta zama sannu da aiki, ana yi wa wanda ke tsakiyar aiki, har wanda ke zaune bakin shago. Ka faɗa wa Bature haka yana cikin cin abinci, sai ya ɗaga kai ya ga me ya yi.

Muna kan shayi na uku ya ciro waya ya nuna mini saƙo. Ya gayyaci Baturiyar sunan ɗansa ranar Asabar, don ya wanke laifinsa, ta amsa masa da "I'll try to make it." Ya ce, "Kawu, wannan ai ta ce za ta ƙoƙarta, ko? In sa a ajiye mata kujera a gaba?" Na tambaye shi, in ya gayyaci wani babban ɗan kasuwa a garin nan ya ce masa "to, in Allah ya yarda, sai na gani", kujera nawa yake ajiye masa? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ko ɗaya." Na ce to ita ma ya sa a zuba mata nata naman a kwano mai murfi, in ba a gan ta ba har azahar a ba direbansu ya kai mata masauki.